Jinkar Aro a Ƙasar Kumbashi

Ana sallame sallar asuba direban ofis ya danna ham a ƙofar gidana, sai ka ce ni ce na saba makara. Mun bar Kontagora gari bai gama wayewa ba, masu ƙosai na hura wuta a bakin tasha. Mu huɗu ne a motar: ni, da direba, da wani jami'in lafiya da aka turo daga Minna, mutum mai furfura da tsabtar tufa, shi ne kuma tafintanmu, sai baƙuwar da aka yi tafiyar dominta, wata doguwar Baturiya, wakiliyar wata ƙungiyar agaji ta ƙasarsu. Ta iya "sannu" da "na gode", sauran magana sai an juya mata.

Ga abin da ya fitar da mu. Ƙungiyar matar nan tana da siminti da kwanon rufi da gadaje na ɗakin haihuwa guda ɗaya tak a bana. Ƙauye biyu ke nema. Ɗaya yana can ɓangaren Sahon Rami, ta riga ta je ta gani. Ɗaya yana gaba da Kumbashi, ba zan faɗi sunansa ba, don abin da zan rubuta ya ishe su. Wanda ta ga ya fi bukata shi za a gina wa. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina da ɓangare. Ƙauyen na biyu garin mahaifiyata ne, na san ɗakin da matansu ke haihuwa a ciki, na daɗe ina yawo da maganarsa. Lokacin da muke ƙarƙashin Sakkwato na kai ta Sakkwato, aka ce an ji. Da aka yanke mana Jihar Neja na ɗauke ta na kai Minna, aka ce ofis bai gama zama ba tukuna.

Wanda bai san ni ba, bari in rage masa wahala. Ni ba 'yar boko ba ce tun asali. Shekarar da aka karɓi mulki daga hannun Turawa ina sharar ɗakin shan magani na En'e, mijina ya rasu, ga 'ya'ya. Sai da na kusa aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina riƙe alli kamar muciya, 'yan mata na yi mini dariya. Na iya karatu, aka ɗaga ni daga tsintsiya zuwa aikin zaga ƙauyuka ina yi wa mata maganar tsabta da reno. Na yi siyasa ma lokacin da ake yinta, mu ne masu dafa wa taro abinci, mu ne masu guɗa, ranar zaɓe kuma a ce mata su zauna a gida. Soja suka zo suka watsa. Yanzu da tsufa ya fara kama gwiwa aka ba ni kujera a majalisar ƙaramar hukuma, ake ce mini Kansila, duk baƙon da ya zo da maganar mata sai a haɗa shi da ni. Shi ke nan tarihina, babu wani abin ado a ciki.

Kwalta ba ta yi nisa da mu ba ta ƙare, muka hau burji. Wanda bai taɓa bin hanyar nan da bazara ba bai san gargada ba. Haƙorana da suka rage sai da suka gaisa da juna. Baturiya ta riƙe ƙarfen mota da hannu biyu tana murmushi, irin murmushin wanda ya ƙudurta ba zai yi ƙorafi ba. Jami'in Minna kuwa ya shimfiɗa hankici a cinyarsa don kada jar ƙasa ta ɓata masa wando, kafin hantsi hankicin da wandon da gashin girarsa duk sun zama launi ɗaya. Gonaki a share suke ana jiran ruwa. Daji ya sha wuta a bana, inda ya kamata a ga shuci tsaye sai baƙin toka.

Mun tsaya a wata kasuwar bakin hanya don injin ya sha iska. Mangwaro kamar a ba ka kyauta, dawa kuwa ta yi tashin da mai iyali zai tsaya ya yi shiru a gaban mai awo. Na sayi fura wurin wata Bafulatana, ta dama mini da nono mai kauri, ta ce shanunsu sun rame, rafi ya ƙafe, sai sun yi tono a cikin yashi. Matan Kambari na shigowa da kaya a kafaɗa yadda suka gada, tulu ko dami, kai a sake. Baturiya ta ɗaga kyamara, na dafa hannunta na ce wa jami'i ya gaya mata a tambaya tukuna. Aka tambaya. Wata ta ce a ɗauka, wata ta juya baya ta yi tafiyarta.

Gaba da Kumbashi hanya ta koma ta jakuna. Akwai wani rafi da muka ratsa ta cikin yashinsa, babu gada. Na sa direba ya tsaya a tsakiya na ce a faɗa wa baƙuwa ta dubi wurin da kyau. Da zarar damina ta kankama rafin nan zai cika ya batse, mota ba ta wucewa sai kaka. Macen da haihuwa ta zo wa da gardama a wancan ƙetaren, ɗakin ƙauyen shi ne asibitinta na farko, shi ne na ƙarshe. Ta gyaɗa kai. Na ce a raina, to, an fara da kyau.

Ashe ban san me ke jirana ba. Tun daga nesa na hango duwatsu jere a gefen hanya, an shafa musu farar ƙasa. Mako guda kafin tafiyar nan na aika da baki ta hannun direban motar kasuwa cewa baƙuwa na zuwa daga Turai, a bar komai yadda yake, kada a taɓa ko tsinke. Amma ƙauyen da ya ji an ce babba na tafe, abu ɗaya ya sani, rangadi. Tun zamanin Di'o haka aka horar da mu: a share hanya, a shafe bango, a kawar da duk abin da zai ɓata wa baƙo rai, don garin da aka samu da ƙazanta mai garinsa ke shan faɗa. 'Yan siyasa suka zo aka yi musu haka, gwamnonin soja ma haka. Wa zai zo yau da rana tsaka ya ce musu wannan baƙuwar ɓarna ta zo nema?

Makaɗa suka tarbe mu, mata na guɗa, yara sun sha wanka sun sha mai suna ƙyalli. Mai gari ya fito cikin babbar riga. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"A'a, ga tsohuwar birni!" in ji shi. "An ba ki kujera kin manta hanyar gida. Wa ya nuna miki?"

"Warin rigarka na biyo," na ce masa. "Tun ta auren fari ce ko?"

Aka yi dariya. Na matsa kusa na rage murya na ce, "Ba ka sami saƙona ba?" Ya ce ya samu sarai, shi ya sa ba su yi wani abu mai yawa ba.

Ba su yi abu mai yawa ba! Rago suka yanka, a wannan tsadar. Ga waina, ga tuwon shinkafa, ga zabi. Na san gidajen da abincin nan ya fito, na san akwai waɗanda za su yi kwanaki suna shan kunu saboda shi. Baturiya ta ci kaɗan tana ta "na gode". Direba kuwa ya ci na mutum uku, Allah Ya yi masa albarka, shi kaɗai ya fid da mu kunya.

Daga nan aka kai mu ɗakin haihuwa. Ni na san ɗakin nan: zagayayyen ɗakin ƙasa ne, bango ya tsage, gara ta cinye jinka, da damina sai an tara ƙwarya a kan mai naƙuda. Abin da na tarar daban. Bango fari fat. Jinka lafiyayya a kai, baibaya mai kauri. A ciki gadajen ƙarfe da zannuwan gado masu fure, kwanukan langa jere a gefe, ga ƙamshin turaren wuta. A kan kowane gado mace ce mai ƙiba da sabon zane, rungume da yaro kamar tulu. Na tsaya ina kallon jinkar nan, ina tambayar kaina ina suka sami shuci a shekarar da daji ya ƙone. Da na waiwaya ta ƙofa sai na hango amsar: can cikin gidan mai gari, turakarsa na tsaye kai ba hula. Ɗaukar jinkar suka yi ɗungurungum, maza suka tallabo ta suka ɗora a nan, in mun tafi a mayar masa. Gadajen kuwa na amaren garin ne.

Ana cikin haka ɗan wata mai jegon ƙarya ya gaji da kwanciya, ya zame daga gado ya taka da ƙafarsa ya fice waje. Uwar ta bi shi da ido. Da a wani wurin ne da na yi dariya har na faɗi.

Baturiya ba ta lura ba, ko ta lura ba ta gane ba. Ta yi magana mai tsawo, fuskarta a sake. Jami'i ya juya mana da jin daɗi: ta ce garin nan ya burge ta, mutane ne masu taimakon kansu, ta ga ba su rasa komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, wancan ƙauyen na Sahon Rami kuwa abin tausayi ne. Mai gari ya yi murmushi har kunne. Jama'a suka yi tafi. Suna tafa wa asarar ɗakinsu, ba su sani ba.

Na ja ungozomar garin gefe. Tsohuwar ƙawata ce, Kirista, tare aka koya mana yanke cibiya da tafasa almakashi a Kontagora.

"Ina matan?" na ce.

"Yaya, ga su nan kina gani."

"Kada ki mai da ni yarinya. Ina masu jegon gaske?"

Ta dubi ƙasa. "Suna bayan rumbuna. Mai gari ya ce zuwa la'asar a dawo da su. Yaya, don Allah ki bar maganar nan. Ke birni za ki koma, ni a nan zan kwana."

Ba zan ce ban tsaya na yi tunani ba. Na yi. Garin uwata ne, mutumin nan ɗan'uwana ne, ya cire rufin ɗakin kwanansa don kada a raina garinsa. Ba mugunta ya yi ba, iyakar mutuncin da ya sani ke nan. Amma na dubi gabas na ga hadari ya fara haɗa kai, na tuna jinkar nan gobe za ta koma inda ta fito. Sai na je na kama wuyan hannun Baturiya kamar yadda ake kama yaro za a kai shi wurin allura, na ja ta.

Mai gari ya sha gabanmu, yana dariya tukuna. "Ina za ki kai mana baƙuwa, tsohuwa? Can ba wurin baƙi ba ne."

"Can ne wurin da ta zo gani," na ce. Na ratse shi na wuce.

A bayan rumbunan an kafa 'yar rumfar kara, rana na ratsowa ta ko'ina. Masu jego na kwance a kan tabarmi a ƙasa, ƙudaje na bin jarirai. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta haihu kwana biyu kafin zuwanmu, jikinta zafi kamar garwashi, leɓɓanta sun bushe, surukarta na yi mata fifita da faifai. Gefe guda ga tsohuwar jinkar ɗakin an jefar, ruɓaɓɓiya, da ramin da akuya za ta wuce ta ciki.

Na ce wa jami'i, "Malam, gaya mata wannan shi ne rufin gaskiya, waɗannan su ne matan gaskiya, wancan duk aro ne." Ya yi tari, ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana. Na ce, "Malam, ba na jin Turanci, amma ina da kunne. Tawa doguwa ce, taka ta fito guntuwa. Sake." Ya share gumi ya sake, wannan karon da tsawonta.

Baturiya ta yi ja har wuya. Ta durƙusa ta taɓa goshin mai zazzaɓin, ta daɗe a haka. Da ta miƙe hannunta ya tafi ga kyamara, mai zazzaɓin ta ja zane ta rufe fuska. Na shiga tsakani. Na ce a gaya mata ta gani da idonta, ya isa. In mutanen ƙasarsu ba za su yarda da bakinta ba sai da hoton matar mutane a kwance, to su riƙe simintinsu. Ban san yadda jami'i ya juya wannan ba, amma ta mayar da kyamarar cikin jaka.

Da muka fito kiɗa ya tsaya. Garin duk yana tsaye. Mai gari bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kin gama, Kansila?" Tun da aka ba ni kujerar nan bai taɓa kirana da wannan sunan ba. "Mu talakawa ne, ba mu musa ba. Amma garin nan bai taɓa shanya wa baƙo tsummansa ba. Kakanki ma bai yi ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kakana bai taɓa naƙuda ruwa na zuba a kansa ba."

Wata tsohuwa a bayan taro ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Shi kuwa ya juya ya shige gida.

Ba mu jira la'asar ba. Na ce mai zazzaɓin nan da mu za ta tafi, mijinta ya yarda ba gardama, da alama dama abin da yake so ke nan bai sami bakin faɗa ba. Aka shimfiɗa mata a bayan mota, surukar ta rungumi jaririn, Baturiya ta koma gefe ta takure ta ba su wuri. An kawo wa baƙuwa kajinta a ɗaure kamar yadda aka saba, wannan ba su fasa ba. Ni ba a ba ni ko ƙwai ba, ba kuma wanda ya taka mana zuwa bakin gari. Ungozoma ce kaɗai ta zo jikin mota, ba ta dube ni ba, ta gyara wa mai jego ɗankwali ta ce, "Allah Ya kai ku lafiya," ta koma.

Muka kama hanyar dawowa. Direba ya bi a hankali saboda marar lafiya, gargadar da ta ba mu dariya da safe yanzu kowace ɗaya sai matar ta yi nishi. Iska ta taso mana bayan Kumbashi, aka yi yayyafi kaɗan, ƙasa ta yi ƙamshi, manoma na tsaye a bakin gonaki suna kallon sama. Da muka hau kwalta jami'i ya ce, "Hajiya, da kin bari an bi ta hanyar da ta dace." Na ce masa ban je Makka ba tukuna, hanyar da ta dace kuwa na bi ta har takalmina ya ƙare. Mun shiga Kontagora ana kiran magariba, muka wuce asibiti kai tsaye. Matar tana nan, zazzaɓin ya sauka, jiya na kai mata kunun kanwa ta shanye.

A daren da muka dawo na shiga gida ƙafafuna sun kumbura, na jiƙa su a ruwan ɗumi na zauna ina tunani. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Rabin rayuwata na yi ina ganin ana koya wa talaka ya ɓoye ciwonsa in babba zai zo, don kada a hukunta shi. Yanzu kuma an kawo sabon babba wanda sai ka buɗe masa ciwon, ka fi maƙwabcinka iya buɗewa, sannan ya taimake ka. Ba wanda ya zauna ya gaya wa mutanen ƙauye an canza doka. Kuma duka biyun ba a tambayi mai ciwon wanne take so ba. Can ɓangaren Sahon Rami ma mata ne, su ma damina za ta same su. In an ba mu an hana su, ban ga abin guɗa a nan ba. Na gaji da aikin da sai ka kunyata naka kafin ka yi masa rana, na gaji ƙwarai. Amma ku da ke sha'awar kujera da yawo a motar ofis da baƙi, ku sani wannan yana cikin aikin, ba a faɗa muku ne kawai.

Shekaranjiya aka kira ni ofis aka ce baƙuwa ta zaɓi garin mahaifiyata. Siminti da kwano sun sauka a sito, birkila da kafinta sun shirya, dole a ƙetare rafin nan kafin ya kawo ruwa. Sakatare ya ce, ganin abin da ya faru, ko in huta a tura wani ya raka kayan. Na ce masa a'a. Ranar Laraba babbar mota za ta tashi, na gaya wa direba ya ajiye mini gidan gaba. Zan sauka a ƙofar mai gari in yi sallama. In ya amsa, to. In bai amsa ba, a nuna wa birkila inda zai haƙa tushe.